Turbo ne ya mutu, ko iska ke zurarewa? Motata ta daina ja bayan rimaf

Mai_GTI:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku kafin in yi ɓarnar da zan zo ina cizon yatsa. Motata Golf GTI ce ta 2007, mai injin 2.0 TFSI, giyar hannu. Wata biyu ke nan da aka yi mata rimaf, wato aka sake rubuta lissafin kwamfutar injin don ƙarin ƙarfi, aka ɗaga matsin iska zuwa bar 1.4. Na kuma canza bututun salansa na bayan turbo zuwa mai faɗi, na sa buɗaɗɗiyar matatar iska, na ƙara ɗan ƙarfen nan da ke sa ta yi "fiishh" in na saki totur. Makonni shidan farko, wallahi kamar an canza min mota.

Yanzu kwana goma ke nan ta canza hali. A tsaye lafiya lau, tafiyar a hankali ma ba ka jin komai. Amma in na taka totur har ƙasa a giya ta uku ko ta huɗu, da ta kai juyi 3,000 sai ta fara shessheƙa, ƙarfin ya zube, wutar injin ta yi ta ƙyaftawa. Abokina da ya biyo ni a baya ya ce tana watso baƙin hayaƙi. Mai kuma sha take kamar tankin ya huje. Na sa sikana, ta ba ni P0299 da P0302. Wani makanike ya zare tiyon intakula, wato abin da ke sanyaya iskar turbo, ya ga ɗan baƙin mai a ciki, nan take ya ce turbo ya gama aiki, sai sabo. Shin haka ne? In dai canzawa zan yi, ba gara in haura K04, turbon da ya fi nawa girma, gaba ɗaya ba?

Fistin Huɗu:
Wa alaikumus salam. K04 kawai ɗan uwa, kada ka tsaya wata-wata. Allah ne ya kawo maka dalili 😂

Baba Sufana:
Wa alaikumus salam. Kai Fistin, ka bar zuga yaron mutane. Mai_GTI, ɗana, kada ka kwance noti ko ɗaya a jikin turbon nan tukuna. Na fi shekara talatin hannuna cikin baƙin mai, kuma turbon da na ga an ciro da ransa an jefar sun fi waɗanda suka mutu da gaske yawa.

Ɗan danshin mai a tiyon intakula ba shaida ba ce. Tururin da ke tasowa daga ƙasan injin ana mayar da shi ne ta bakin turbo, yana ɗauke da burbushin mai, shi ke kwanciya a tiyo. Kusan kowace mota mai turbo ka zare tiyonta za ka taɓo shi. In da kwarara ya yi kamar an tuntsurar da kofi, da sai mu yi wata magana. Sannan ka ce hayaƙin baƙi ne. Turbon da ke zubar da mai hayaƙinsa shuɗi-shuɗi ne, da warin ƙonannen mai. Fari mai kauri ruwa ne. Baƙi kuwa fetur ne ya yi wa iska yawa. To ka tambayi kanka, ina iskar ta tafi?

Ka zare bututun da ke shiga bakin turbo in injin ya huce, ka kama sandar fankar da yatsu biyu. In ta ɗan motsa gefe da gefe ba komai, a kan mai take yawo. In tana shiga tana fita gaba da baya, ko fukafukan sun goga bango, ko sun gutsure, to ka dawo mu yi maka jaje.

Ɗan Laftof:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni ban yarda da gwajin yatsa shi kaɗai ba. Oga Mai_GTI, motarka tana iya faɗa maka ciwonta da bakinta in kana da VCDS, manhajar karanta kwamfutar motocin VW, ko makamancinsa. P0299 cewa kawai take matsin da kwamfutar motar ta nema bai samu ba. Ba ta ce turbo ba. P0302 kuma silinda ta biyu ce ke ƙin kama wuta. Lambobi biyu ne, kuma mai yiwuwa cuta biyu ce.

Ka ɗauko min log na waɗannan rukunoni: 115 don matsin da aka nema da wanda aka samu, 118 don ganin yadda N75, bawul ɗin da ke daidaita matsin turbo, ke wahala da zafin iskar da ke shiga, 020 don yawan wutar da ake ja baya a kowace silinda, 032 don gyaran mai, sai 230 don matsin fetur na famfon sama. Giya ta uku, daga juyi 2,500 zuwa 6,000. Ka lura, lambar da za ka gani da matsin sararin samaniya aka haɗa, wato bar 1.4 zai fito maka kusan 2,400 mbar ne, kada ka firgita. Kuma don Allah wani ya riƙe kwamfutar, kai ka riƙe sitiyari, a wurin da babu jama'a. In wutar ta fara ƙyaftawa ka ɗaga ƙafa, ɗanyen fetur ke nan ke tafiya salansa.

Baba Sufana:
Yaran zamani, ko tayar mota ce ta sace sai sun ɗauko kwamfuta.

Ɗan Laftof:
Baba, karen bana shi ke maganin zomon bana 😄 Motar nan ba mai kabireto ba ce.

Baba Sufana:
Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba. Kwamfutarka za ta ce iska ta ragu, na yarda. Za ta nuna maka ramin? Ruwan sabulu ne zai nuna.

Hajiya Turbo:
Ku biyun duk hanya ɗaya kuka nufa, gardama ce dai ba kwa gajiya da ita. Ƙanena Mai_GTI, bari in yi maka bayanin abin da nake zargi, don irinsa ya taɓa cin min wata guda cur.

Motarka tana auna iska ne da MAF, kuma MAF yana gaba da turbo. Duk iskar da ta wuce ta kansa an ƙirga ta, an ware mata feturinta. In akwai tsaga tsakanin turbo da totur, wani kaso na iskar nan zai fice waje, amma feturin da aka ware masa yana nan, sai ya shiga silinda. Ga baƙin hayaƙinka, ga shan manka. A tsaye ba ka ji don babu matsin da zai buɗe tsagar. Abin da ya fi ban tsoro shi ne kwamfutar ba ta haƙura: tana ganin matsi bai kai ba sai ta danne wesget, ƙofar da ke rage hayaƙin da ke juya turbo, a rufe, turbo ya yi ta ƙara gudu yana cika tulun da gindinsa a fashe yake. Ƙaramin turbo irin naka, K03, da ma yana haura juyi 100,000 a minti nesa ba kusa ba, ga rimaf ya kai shi kusa da iyakarsa. Ka ci gaba da taka ta a haka, maganar makanikenka za ta zama gaskiya, kai ka kashe shi da ƙafarka.

Yadda ake gwajin: ka samu murfin da zai toshe bakin turbo, a huda shi a sa masa bawul irin na taya. Ka toshe tiyon da ke zuwa daga numfashin injin, ka buɗe murfin baƙin mai don kada iska ta taru a ƙasan injin ta ture sil. Ka hura a hankali da kwamfuresa mai abin daidaita matsi, ka fara da rabin bar, ka hau zuwa bar 1, kada ka zarce. Sai ka kasa kunne, ka bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Ka shiga ƙarƙashi, don tsaga ta fi son ɓuya a cikin tiyo inda ido ba ya kaiwa.

Ka duba daibata ma, bawul ɗin da ke sauke matsin iska in ka saki totur. A wannan injin a jikin turbo yake, noti uku ne. Na farko-farkon masu fatar roba ne, an san su da yagewa in an ƙara matsi, shi ya sa daga baya aka koma mai fistin.

Mai_GTI:
Na gode Yaya Hajiya, Allah ya saka. To shi ɗan ƙarfen "fiishh" ɗin fa, yana da hannu?

Hajiya Turbo:
Cire shi. Iskar da MAF ya riga ya ƙirga yake watsarwa waje duk lokacin da ka saki totur. Ramin da kake nema ne, sai dai shi da kuɗinka ka saya.

Fistin Huɗu:
Haba Hajiya! To meye amfanin turbo in ba a ji shi ba? Ni nawa shekara biyu yana kai, ban ga abin da ya same ni ba.

Ɗan Laftof:
Taka ba MAF take amfani da shi ba, Fistin, da matsi da zafin iska take lissafi, shi ya sa ka tsira. Kowace mota da tsarinta. A tasa ba zai fasa injin ba, gaskiya ne, amma yana rikita lissafin mai wajen canza giya, kuma mutumin da ke farautar rami bai kamata ya bar wani a buɗe da gangan ba.

Fistin Huɗu:
To naji. Amma ni a ganina ya zuba mata mai kauri, 20W-50, ya toshe duk inda ke yoyo. Haka ake wa tsofaffin injuna.

Baba Sufana:
Subhanallahi. Wannan shawarar ita ke cika mana gareji. Ramin da mai ke bi ya shiga turbo ɗan siriri ne, kuma da safe, kafin injin ya ɗumama, mai kauri rarrafe yake kafin ya isa, sandar kuwa ta riga ta fara juyi. Sannan abin da ke tare mai a turbo ba roba ba ce, zobe ne na ƙarfe kamar ringin fistin. Kaurin mai ba ya gyara shi. Abin da ke sa turbo mai lafiya ya zubar da mai sau da yawa bututun komawar mai ne ya toshe ko ya lanƙwashe, ko numfashin injin ya lalace matsi ya taru a ƙasa. Man da ya shiga turbo da nauyinsa kawai yake gangarowa, ba famfon da ke janyo shi. Ka tare masa hanya, sai ya nemi wata.

Ɗana, ka zauna a kan 5W-40 mai lambar VW 502 00, kuma tunda ka ƙara mata wuta ka rage tazarar juye. Injin da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda yana tsinka mansa da fetur.

Sabon Shiga:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, koyo nake. Gaskiya ne sai an bar mota mai turbo tana aiki minti biyar kafin a kashe?

Baba Sufana:
Gaskiya ne. Hayaƙin da ke juya turbo a injin fetur yana kai digiri 900. Ka kashe a haka, mai ya tsaya cak a kan sanda mai zafi, ya ƙone ya zama gawayi.

Ɗan Laftof:
Gaskiya ne a turbon zamanin Baba, waɗanda mai kaɗai ke sanyaya su. Na yanzu galibi ruwa na ratsa su, kuma irin motar Mai_GTI tana da ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da zagaya ruwa bayan an zare makulli. In ka ba ta wuya, ka yi mintunan ƙarshe a hankali, iska na kaɗa ta, ya fi tsayuwa wuri ɗaya bonet na dafuwa. Abin da ya fi kashe turbo a wurina shi ne taka shi da sanyin safiya.

Baba Sufana:
A nan mun haɗu. Amma minti ɗaya a tsaye bai taɓa talauta kowa ba.

Mai_GTI:
Jama'a na dawo, kuma kunya ta kusa hana ni rubutu.

Sandar turbo lafiya lau, ba ta motsi gaba da baya, fukafukai sumul. Daibata mai fistin ne, ashe mai motar na baya ya riga ya canza. Log ɗin Oga Laftof ya nuna an nemi 2,400 ana samun 1,750, N75 kuma ya kai maƙura. Da muka hura iska, a rabin bar shiru, har na fara cewa Hajiya ta yi kuskure. Muna wuce 0.7 sai ga huci kamar kububuwa. Tiyon da ke fita daga intakula ne, ta ƙasa, tsaga kamar tsawon ɗan yatsa. Kuma ni na jawo: ranar da na sa matatar iska na kwance wurin, na ɗaure kilif a karkace, na matse shi da dukkan ƙarfina, bakinsa ya yi ta yankan robar.

Sai silinda ta biyu. Na musanya kwayil na biyu da na uku kamar yadda wani ya rubuto min ta akwatin sirri, lambar ba ta koma P0303 ba, ta tsaya a kan biyu. Na ciro fulogi, sai na ga ashe tun da na sayi motar ban taɓa canza su ba. Bakin na biyu ya ci har ya haura milimita 1.

Na canza tiyo, na sa sababbin fulogi, na cire ƙarfen Fistin. Ta dawo, har ta fi da.

Hajiya Turbo:
Alhamdulillahi. Nawa ka bar bakin fulogin?

Mai_GTI:
0.7, kuma na ɗauki masu sanyi, wato masu saurin fitar da zafi, da mataki ɗaya.

Hajiya Turbo:
Ya yi. Don amfanin Sabon Shiga: iya yawan matsin da ke cikin silinda, iya wahalar da tartsatsi ke sha kafin ya tsallaka. Fulogin da ke aiki lafiya a motar da ba a taɓa ba sai ya gaza da zarar an ƙara iska. Kuma a kula wajen saye, a fulogin kamfanin NGK babbar lamba ita ce mai sanyi, a Bosch akasin haka ne.

Baba Sufana:
Ruwan sabulu dai. Ina Ɗan Laftof?

Ɗan Laftof:
Ga ni Baba, na sara maka. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Mai_GTI ya turo min sabon log na bayan gyara, kuma rukuni na 020 bai yi min daɗi ba. A juyi 4,500 kwamfutar tana jan wuta baya har digiri 6 a silinda guda biyu, zafin iskar shiga kuma ya haura 55 a taki na uku. Oga, wane fetur aka rubuta wa rimaf ɗin nan?

Mai_GTI:
Wanda ya yi min ya ce na mai lambar oktan 98 ne. Ni kuma 95 nake samu, ya ce ba matsala, motar za ta daidaita kanta.

Ɗan Laftof:
To ga inda gizo ke saƙa. "Za ta daidaita kanta" ma'anarsa sai fetur ya fashe ba bisa ƙa'ida ba, sensa ya ji ƙwanƙwasar, sannan a ja wuta baya. Wato sai an mari fistin ake ba shi haƙuri. Digiri ɗaya ko biyu jefi-jefi ba abin tashin hankali ba ne. Shida, a kai a kai, gargaɗi ne. Da ramin nan yana nan, matsi bai kai ba, fetur ya yi yawa, shi ya rufa maka asiri. Yanzu da ka toshe shi ne injin ya fara ganin bar 1.4 na gaske da rana tsaka. Irin wannan ƙwanƙwasar ke fasa gefen fistin inda ringi ke zama, kuma a cikin mota ba lallai kunnenka ya ji ba.

Ka koma a rubuta maka na 95. Za ka rasa 'yan dawakai a takarda, a hanya kuwa ba za ka rasa komai ba, don kwamfutar da ma tana ƙwace su.

Fistin Huɗu:
Ko ya sa feshin ruwa da metanol, ya ci gaba da cin 1.4 ɗinsa hankali kwance.

Hajiya Turbo:
Yana aiki, ban musa ba, yana sanyaya iska yana kashe ƙwanƙwasa. Kuma ba sabon abu ba ne. Oldsmobile Jetfire ta 1962 a Amurka, ɗaya daga motocin farko da aka sayar da turbo, da tankinta na ruwa da metanol ta fito daga kamfani. Masu ita suka riƙa mantawa da cika tankin, shekara biyu kacal aka yi ana ƙera ta. Ita ma tana da tsarin da ke rage matsi in ruwan ya ƙare. Kai in an rubuta maka rimaf a kan feshi, famfon ya tsaya ko bakin feshin ya toshe kana tsakiyar taki, me zai cece ka? Mutumin da ya yi shekaru bai duba fulogi ba, ba shi zan ɗora wa tanki na biyu ba. Ka yi haƙuri ƙanena 😄

Mai_GTI:
Na ci wannan, Yaya. Ba ni da bakin magana.

Baba Sufana:
Tunda ana tone-tone, ka taɓa duba ɗan kofin da ke ƙarƙashin famfon fetur na sama? Wanda kamshaf ke bugawa?

Mai_GTI:
Ban ma san da shi ba, Baba.

Baba Sufana:
To ka sani yau. A injin EA113, wato irin naka, abu ne mai cinyewa kamar takalmin birki. Baƙin fentin fuskarsa in ya goge, ƙarfen ya fara ci, in ya huje sai famfo ya hau kan kamshaf kai tsaye, su cinye juna, garin ƙarfe ya bi mai. Ka sauke matsin fetur tukuna, injin a sanyaye, sannan ka ɗaga famfon. In ka ga fari ya bayyana a tsakiya, canza. Da shi da bel ɗin taimin, in ba ka san ranar da aka sa ba, ka ɗauka ba a taɓa sawa ba. Wannan K04 da kake mafarki, motocin da suka fito da shi, irin Audi S3 da Golf R, ba turbo kaɗai aka canza musu ba. Nozul ɗinsu daban, cikin injin ma an ƙarfafa. Ba a ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ɗan Laftof:
Kuma in zai kashe kuɗi, intakula mai girma ta fi masa K04 amfani a yanzu. Zafin 55 ɗin nan shi ne rabin matsalar.

Mai_GTI:
Sabon rahoto. An mayar da ni rimaf na 95, matsi ya sauka 1.25, jan wuta bai wuce digiri 1.5 ba a taki uku a jere. Kofin famfon da Baba ya faɗa, na ciro shi, tsakiyarsa ta yi fari tas har ta fara lotsawa. Na canza. Baba, Allah ya ƙara girma.

Sai dai jiya na lura da wani abu. A giya ta biyar, ina kan juyi 2,500 na taka, sai allurar juyi ta yi tsalle zuwa 3,500 amma gudun bai ƙaru ba, sannan ta dawo ta kama. Akwai kuma wani ɗan ƙauri. Kada dai ku ce min wani ramin ne.

Hajiya Turbo:
Ba rami ba ne. Kulocinka ne ke sulɓi. An yi shi ne don ƙarfin juyi Nm 280, kai kuma yanzu ka ba shi abin da ya fi haka nesa, ga shekaru. Kuma ka daina danne totur a babbar giya juyi na ƙasa, injin ma ba ya so. Sauko giya ɗaya.

Fistin Huɗu:
Tunda dai za a sauke giyabos, ai sai a haɗa da K04 a huta 😂

Baba Sufana:
Admin, don Allah a cire min yaron nan daga zauren.

Mai_GTI:
Kulocin dai tukuna. Wa ya taɓa sa mai ƙarfi a kan fulawil, faifan ƙarfen da kuloci ke mannewa, na asali, ko dole sai an canza su tare? Kuma ƙafa tana shan wuya a cunkoso?